Falle Uku a Sifirin Gaba

Maigidana bai taɓa shan giya ba. Da wannan zan fara, don shi ne maganar. Taba yana sha, goro kuwa har haƙoransa suka rine, amma giya ko burukutu bai san ɗanɗanonsu ba. Ni da na zauna da shi shekara arba'in da wani abu ai na sani. Duk da haka an yi sati guda a Jos da kowa a wurin lodi ya yarda mashayi ne.

Lokacin Turawan kuza na nan, saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Shi direba ne, yana jan wata ƙaramar lori ta wata Bayarabiya 'yar kasuwa, Musulma, kowa Iya yake ce mata. Dankali da kabeji take tarawa ta aika Zariya. Farin Gada, inda ake lodin, a lokacin ba wannan cunkoson da kuke gani ba ne, fili ne da 'yan rumfuna inda ake jibge buhuna. Ni kuma ina suyar ƙosai a gefen filin, 'yan lodi ke saye. In hantsi ya yi ciniki ya lafa, sai in ɗauko mazarina in yi kaɗi. Boko da tsufana na koya, a ajin manya, saboda haka in na rubuta sunan wani ƙarfe ba daidai ba, haka na ji shi a bakin maza.

Da damina abin ya fara. Wata ranar ya dawo da yamma, na ajiye masa tuwo, ya zauna yana kallon kwanon. Na ce lafiya?

Ya ce, "Motar ce. In na faɗa rami sai ta zabura ta yi hagu ita kaɗai. Hannuna na kan sitiyari, ban juya ba."

Na ce, "To ka faɗa wa Iya mana."

"In ce mata me? Mota na tuƙa kanta?"

Bai faɗa ba. Ya ci gaba da zuwa Zariya yana dawowa da kafaɗunsa a sage, don kokawa yake yi da ita tun daga nan har can. Sai ranar wata Asabar, yana shigowa gari, dab da gada, akwai wani rami da ruwa ya ci a tsakiyar hanya. Tayar gaba ta faɗa, motar ta yi hagu, ta nufi wata mata mai ɗauke da itace. Matar ta watsar da itacen ta faɗa kwalbati. Allah ya kiyaye, ƙafa kawai ta gurɗe. Amma mutane sun gani. Hanya miƙaƙƙiya, rana tsaka, ba akuya ba jaki, mota ta bar hannunta ta bi mutum.

Iya ta kira wani tsohon fita, wato makanike, shi ma Bayarabe ne amma Kirista, a Jos ya girma, ya yi shekaru yana gyaran motocin kamfanin kuza. Baba fita muke ce masa. Ya ɗaga motar da jak, ya girgiza tayoyi, ya bi noti ɗaya ɗaya da sifana, ya shiga ya zaga filin sau uku. Ya sauko yana goge hannu ya ce, "Iya, motarki lafiyarta ƙalau. Sitiyari ba wasa, birki na kamawa."

Ranar Litinin ce, ina wurin, ƙosai na cikin mai. Iya ta juya wajen maigidana. Hausarta irin ta 'yan kasuwar Jos ce, komai namiji ne a bakinta.

Ta ce, "Direba, zo nan. Hura mini baki."

Ya tsaya. 'Yan lodi duk sun ajiye abin da suke yi.

"Na ce hura."

Mutum mai 'ya'ya huɗu ya sunkuya ya hura wa mace baki a gaban 'yan dako. Ta shinshina ta ce goro take ji da taba, kuma ai da goro ake rufe warin. Ta miƙa hannu, ya ciro makullin ya ba ta. Ta ce ranar Alhamis bayan azahar wani direba zai zo daga Bukuru.

Masu mota a Jos a lokacin ba su da yawa, kuma duk sun san juna. Direban da aka karɓe wa makulli saboda giya ya gama tuƙi ke nan. Abin da ya rage masa shi ne kwanon kuza a ka, cikin ruwan sanyi, aikin da ya cinye ƙirjin ubansa. Ƙosan da ke cikin mai ranar ya ƙone, ban ma ji ƙauri ba sai da wata ta taɓa ni.

Talata ya wuni a ɗaki. Ni dai na fita, don yara za su ci abinci. Motar na nan a filin inda aka bar ta, ba lodi, ba kowa. Da rana ta yi zafi na jawo 'yar kujerata na zauna a inuwarta, dab da tayar gaba, ina kaɗi. Haka na yi ranar Laraba ma.

'Yan lodi suna da wata ɗabi'a, in za su ci abinci sai su jeru a kan ƙarfen gaban mota, wanda suke ce wa bamba. Ranar Laraba su biyar suka zo da ƙosansu a ganye, manyan ƙarti, suka ɗare lokaci guda. Gaban motar ya nutsa. Sai na ji wani ɗan ƙara a ƙasa, kamar an ja takalmi a yashi. Na duba. Yashin da ke gindin tayar ya taru gefe guda, an ture shi kaɗan. Na ɗaga kai na leƙa wurin direba. Ba kowa.

Maza a tsaye suke duba mota, ko su kwanta ƙarƙashinta. Ni a zaune nake ƙasa ƙasa, idona daidai da tayar, kuma ba ni da abin kallo sai ita.

Na ce, "Ku tashi."

Wani mai faɗin baki a cikinsu ya ce, "Uwar ɗaki, motar ta zama taki ne?"

"Na ce ku tashi. Duka lokaci guda."

Suka tashi suna dariya. Tayar ta koma, ta bar wani ɗan zane a yashi. Na ce su sake zama. Suka zauna, ta sake turo yashin. Sau huɗu na sa su.

Mai faɗin bakin ya ce, "Ashe tare suke sha, ita da direban."

Na ce masa gobe ya je uwarsa ta soya masa ƙosai. Na tattara kayana na tafi gida da rana tsaka.

Na tarar da maigidana zaune a tabarma. Na faɗa masa abin da na gani. Na zaci zai yi tsalle. Sai ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Sifirin ne."

Sifirin shi ne waɗannan fallayen ƙarfe da aka jera kan juna a ƙarƙashin mota, su ke ɗaukar nauyi su lanƙwasa in an faɗa rami. Ashe wata guda da ya wuce, shi da bakinsa ya ba Iya shawara a ƙara falle uku uku a gaba, don motar ta ɗaga a riƙa jibga buhuna har saman kan direba. Shi ya samo fallayen daga wata matacciyar motar kuza, shi ya kai wa maƙeri. Direbobi da yawa na yin haka a baya, shi kuma ya ce bari ya yi har gaba. Na tuna ranar da ya dawo yana alfahari motar ta miƙe tsaye.

Ya ce, "Kada ki faɗa wa kowa."

"Don me?"

"Ke ba ki gane ba. Yanzu ana cewa na sha. In wannan ta fito za a ce ni na lalata mata mota, ni na kusa kashe mutum da hannuna. Kuma a bakin matata za a ji."

Na ce, "Malam, wanda ya yi kuskure a ƙarfe ana sake ba shi mota. Mashayi fa?"

"Na ce ki bari."

"Gobe wani bawan Allah zai hau ta da lodi, bai san halinta ba, ya gangara da ita hanyar Zariya."

Ya juya mini baya. Na ɗauki mayafina. Ya ji fitata, bai kira ni ba, ni kuma na ɗauki wannan a matsayin izini.

Baba fita na ƙarƙashin wata mota a bakin rumfarsa, ƙafafunsa kawai ake gani. Na gaishe shi, ya amsa daga ciki. Na ce motar Iya na da ciwo.

Ya ce, "Madam, kin san mota ne?"

"Ban sani ba. Na san abin da idona ya gani."

"Shekara nawa ina wannan aikin. Na auna ta."

"Ka auna ta tana tsaye ba kowa a kanta, Baba. Ka zaga da ita a fili mai laushi. Ka sa mutum biyar su zauna mata a hanci ka gani."

Ƙafafun suka daina motsi. Ya turo kansa waje, mai ya ɓata masa furfura, ya dube ni.

"Ya aka yi da suka zauna?"

Na faɗa masa. Ya tambaye ni wane gefe yashin ya taru, na nuna masa da hannu. Ya ce ko an taɓa sifirin motar kwanan nan. Na ce wannan ya tambayi maza. Ya ce gobe da safe in zo da man suya da zare, kuma in ce wa Iya da direba su zo.

Alhamis gari ya waye da hadari. Maigidana ya biyo ni a baya, nesa da ni, kamar ba tare muke ba. Iya ta zo ta zauna a kan buhun dankali, makullin na ɗaure a bakin zanenta. Ta ce ita ba ta da lokacin wasan yara, direbanta na hanya.

Baba fita ya zo da garwar kananzir da aka farke aka miƙe, falle huɗu. Ya ɗaga gaban motar, ya sa biyu biyu a ƙarƙashin kowace taya, ya zuba man ƙosaina a tsakaninsu don tayar ta samu santsin juyawa. Ya ɗaure sitiyari da igiya tam a jikin ƙofa, yadda ko aljani ba zai motsa shi ba. Sannan ya ɗaure doguwar gwangwala a gefen tayar, bakinta ya wuce gaban motar da kamar taku biyu, ya shimfiɗa katako a ƙasa daidai bakin. Ya laluba aljihunsa yana neman abu mai nauyi da tsini da zai rataya. Ya gwada noti, ya ce ba ya nuna wuri. Na miƙa masa mazarina. Ya juya shi a hannu, ya ɗaure shi da zare a bakin gwangwalar, tsininsa na kusan taɓa katakon. Allin da nake shafa wa yatsa in zan yi kaɗi, da shi ya yi ɗigo inda tsinin ya tsaya.

Ya ce mutum shida su hau bamba a hankali.

Suka hau. Motar ta nutsa. Mazarin ya tashi daga kan ɗigon ya tafi hagu, a hankali, kamar ana jansa. Ya yi lilo kaɗan ya tsaya. Baba ya yi wani ɗigon, ya ɗora hannu tsakanin biyun. Yatsa huɗu cif.

Ba wanda ya yi dariya. Iya ta taso da kanta ta leƙa wurin direba, ta ja igiyar ta ji tana nan tam. Ta ce su sauka su sake hawa. Yatsa huɗu.

Baba ya shiga ƙarƙashi, ya daɗe, ya fito. Ya ce, "Laifina ne ban duba ba. Akwai sanda da ta taso daga sitiyari zuwa taya. A kwance ya kamata ta zauna. Yanzu an ɗaga motar, sandar ta koma kamar tsani a jingine." Ya miƙa hannunsa ƙasa a karkace, ya kama kafaɗar wani ɗan lodi, sannan ya durƙusa a hankali. Hannun ya miƙe ya ture mutumin baya. "Kun gani? In motar ta nutsa a rami, sandar ta miƙe, ba ta da wurin zuwa sai ta ture taya. Ko limami ne a sitiyari haka za ta yi masa."

Iya ta ce, "Wa ya ɗaga motan?"

Ta sani sarai. Ita ta yarda aka yi. Amma ta tsaya tana duban mutane ɗaya ɗaya. In maigidana ya yi shiru za ta ce munafuki ne. In ya yi magana ya ba ta sandar dukansa.

Maigidana ya ce, "Ni ne na kawo shawarar, Iya. Ni na kai wa maƙeri."

Ta dube shi ta ce, "Hm." Shi ke nan abin da ta ce. Ta koma kan buhunta.

Cire falle ba ƙaramin aiki ba ne. Notin sun yi tsatsa, sai da aka jiƙa su da kananzir. Maigidana ya tuɓe riga ya shiga ƙarƙashi tare da Baba, ba wanda ya sa shi. Iya ta ce a cire biyu a bar mata ɗaya, don ita lodinta take ji. Aka cire biyu kowane gefe, aka sauke motar kan garwa, aka sake ɗaure gwangwala, aka yi sabon ɗigo. Yayyafi ya fara, na riƙe faifai a kan katakon kada allin ya wanke. Ana cikin haka aka kira azahar, kuma ga direban Bukuru ya iso da 'yar jakarsa, wani dogo mai hular sanyi. Ya gaida Iya ya tsaya gefe yana kallo.

Suka hau. Yatsa biyu.

Iya ta ce, "Biyu ba komai. A bar shi haka."

Baba ya ce, "Iya, biyu a nan tana tsaye. A kan hanya da gudu, biyun nan faɗin mutum ne."

"Kai fita ne, ba kai ke sayen dankali ba."

Sai maigidana ya yi magana daga inda yake durƙushe, hannunsa duk baƙin mai. Ya ce, "Ni dai ba zan ja ta da falle ko ɗaya ba."

Na ji kamar in toshe masa baki. Mutumin da ba shi da makulli, ga wanda zai gaje shi a tsaye, shi ne ke gindaya sharaɗi.

Iya ta ce, "Wa ya ce kai za ka ja?" Ta juya wajen dogon. "Kai fa? Za ka ja shi haka?"

Dogon ya dubi katakon, ya dubi mazarin, ya sosa ƙeya. Ya ce, "Hajiya, ni ma ina da iyali."

Aka cire na ukun. Sai da la'asar ta kusa aka gama. Da suka hau, mazarin ya ɗan motsa kamar zai tafi, ya tsaya. Baba ya sa ƙaramin yatsansa, bai ma cika tsakanin ɗigon ba. Ya ce babu motar da ba ta motsi ko kaɗan, wannan haka aka ƙera ta.

Iya ta ce ita ba ta yarda da alli ba, hanya za ta gani. Ta kwance makullin ta jefa wa maigidana, ta ce aro ne. Ta hau gaba. Sannan ta leƙo ta ce da ni, "Kai ma shigo, matan direba. Kai ya kawo magana. In zai kashe mu ya kashe mu tare."

Ban taɓa shiga gaban motar mijina ba sai ranar. Na zauna a tsakiya, gwiwata na taɓa ƙarfen giyar mota, Iya ta matse ni da jikinta. Ya tayar. Muka fita filin muka wuce gada, ya juyo, ya fuskanci ramin nan. Ruwa ya cika shi, sai ƙyalli yake. A gefen hagu akwai mutane na tafiya, har da masu tallan rake.

Ya rage gudu. Iya ta ce, "A'a. Yadda ka zo ran Asabar."

Ya taka. Ina ganin jijiyoyin hannunsa. Ban yi salati a fili ba, don kada ya ji ya ɗauka ban yarda da abin da na gani ba. Na dafe ƙarfen gabana. Ramin na matsowa, mai rake na matsowa, Iya ta kama cinyata da farce.

Muka faɗa. Kaina ya bugi rufi, ruwa ya watsu har gilashi. Da na buɗe ido muna tsakiyar hannunmu, mai raken na bayanmu yana zagin an jiƙa shi.

Iya ta ce, "Koma."

Sau uku muka bi ta ramin. A na ukun ya sassauta yatsunsa, ya bar sitiyarin a tafin hannu kawai don ta gani. Motar ta wuce sak.

Da muka dawo filin mutane sun ƙaru. Ya kashe mota, muka sauka. Ya miƙa mata makullin. Ba ta karɓa ba, ta wuce tana gyara ɗaurin zane, ta ce wa dogon ya bi ta rumfa ta sallame shi.

Maigidana ya ce, "Iya."

Ta tsaya.

"A gaban mutanen nan kika shinshina bakina."

Na ce a raina shi ke nan, ya ɓata abin da aka gyara. Iya ba ta saba a tsayar da ita ba. Ta juyo ta dube shi tun daga ƙafa har kai, ta dubi 'yan lodin da suka yi cirko-cirko.

Ta ɗaga murya ta ce, "Direba bai sha ba. Motan ne ya sha."

Aka kwashe da dariya, har Baba fita. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Gobe da safe lodi. Buhun da ba zai shiga ba, kai za ka je ka faɗa wa masu dankali, tunda kai ne mai shawara."

Ya sa makullin a aljihu. A hanyar gida bai ce mini komai ba, kwana biyu ma gaisuwa kawai ke haɗa mu, don na je wurin Baba fita ba da yawunsa ba. Ban ba shi haƙuri ba. Juma'a ya ɗauki lodi ya tafi Zariya, ya ci gaba da jan motar Iya har ta tsufa aka sayar, ya ja wasu bayanta. Akwai waɗanda ba su zo filin ranar Alhamis ba, labarin Litinin kawai suka ji. Waɗannan har ya rasu suna cewa direban nan a da yana taɓa kwalba. Ba a gabana ba dai.